Aikin Kwatano a Hannun Julde

Kwanan baya ina zaune a inuwar bulo a wurin aikinmu na bayan tashar Karaye, sai na ji ɗaya daga cikin samarin da aka ɗauka sababbi yana gaya wa ɗan'uwansa wai filasta ai shafe ce kawai, duk wanda ya iya shafa bota a burodi ya iya ta. Na bari ya hau kan katako ya fara jifa, rabin kwaɓin yana dawowa kan ƙafarsa. To ku samari, ku nake rubuta wa wannan.

Bangon da za ka yi wa filasta yau, tun jiya da yamma za ka jiƙa shi ya sha ruwa ya kwana, domin busasshen bulo yana zuƙe ruwan kwaɓi kafin siminti ya kama. Yashin ma ba kowanne ba. Na gini daban ne, mai kaushi. Na filasta mai laushi ne, kuma sai an tankaɗe shi a raga an fitar da ciyawa da ɓarɓashin ƙasa. In akwai laka a ciki, ranar da aka gama bangon zai yi kyau, bayan ɗan lokaci ya tsattsage kamar fadama da rani. Sai ka ɗaura igiya, ka sa lebur, wato ma'aunin miƙewar bango, ka manna 'yan alamomin siminti sama da ƙasa don ka san kaurin da za ka bi. Jifan kuwa daga wuyan hannu yake fitowa, ba daga kafaɗa ba. In ka cika fuskar bangon sai ka ɗauko renji, wato miƙaƙƙen katakon nan dogo, ka share tudu ka cike kwari. Daga nan sai jira, kuma jiran shi ne aikin. Ka yi gaggawar gogewa ya zame, ka makara ya ƙi. Da ɗan yatsa ake sanin lokacin, babu mai iya gaya maka shi da baki.

Sunana Bukar. A Karaye aka haife ni, nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya zo daga Barno neman karatu ya zauna. Ba na jin ko kalma ɗaya ta Barbarci, amma har gobe gidan Barebari unguwa take ce da gidanmu. Na yi allo, na taɓa firamare ban gama ba, aka kai ni wurin wani magini, Malam Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa. A wurinsa na fara da ginin ƙasa: kwaɓa birji da ƙafa, mulmula tubali, cilla shi sama ga wanda yake kan katanga ba tare da ya fashe ba. Shekarun farko ban taɓa cokalin gini ba. Abin da ya fara yarda in riƙe shi ne bakin igiya, kuma in na bari ta yi ciki sai in ji ɗan dunƙulen ƙasa a ƙeyata. Da siminti ya yi yawa a gari muka koma kansa tare, shi da tsufansa yana koyo, ni ina koyo a bayansa.

Alhaji, wanda na yi wa aiki mafi yawan rayuwata, asalinsa ɗan kasuwar gyaɗa ne da hatsi. Ya fara sayen gonakin bakin gari yana yanka fuloti, daga baya ya ga ya fi riba ya gina da kansa: shaguna a bakin kasuwa, gidajen haya ga malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Abin ya zama kamfani, da ofis mai ɗaki ɗaya da allon suna a ƙofa. Ni aka ba shugabancin ma'aikata. Masu sayen gininmu iri-iri ne. Akwai malamin makarantar da zai zo kullum bayan an tashi ya tsaya yana kallon ɗakinsa yana ƙirga bulo da ido. Akwai dillalin hatsi da ba ka ganinsa sai kaka, ya zo da kuɗi a aljihun gaba yana so a gama masa shago kafin kasuwa mai zuwa. Akwai wata Hajiya mai ƙuli-ƙuli da ta sa muka rushe mata taga sau biyu don tana kallon gidan maƙwabci. Duk bambancinsu, a kan abu guda suka haɗu: in an zo filasta da tayil, kowa zai ce shi ɗan Kwatano yake so, kuma ya yarda ya ƙara kuɗi a kai.

Ga yadda aiki yake rabe a wurinmu a lokacin. Rufi da ƙofofi na wani kafinta ne Bayerabe da yaransa. Wayar lantarki da famfo na wasu Ibo ne da muke kira daga Kano. Filasta mai kyau da tayil na 'yan Kwatano ne, wanda haka muke kiran duk wanda ya fito daga Togo ko Binin. Ɗora bulo namu ne, Hausawan gari. Haƙa rami da gadi na Buzaye. Kwaɓa siminti da ɗaukar kwano na Fulani ne da mutanen ƙauye. Kuɗin yini ma haka ya jeru, daga sama har ƙasa. Babu inda aka rubuta wannan, kuma ba ni na ƙirƙira shi ba, haka na tarar a duk wurin ginin da na taɓa shiga. Amma ni ne mai yanka wa kowa abin da zai karɓa ranar Alhamis. Mutum ya shigo neman aiki, kafin in dubi hannunsa na riga na dubi fuskarsa na saurari harshensa, na san inda zan ajiye shi. Ina da dalilai a baki kuma. Ɗan Kwatano ya taso daga nesa, dole a biya shi. Buzu ba shi da iyali a nan, kaɗan ta ishe shi. Bafulatani ba ya zama, damina na faɗuwa zai bi shanu.

Muna haƙa harsashin wasu gidaje a hanyar Kwanyawa Julde ya fara zuwa. Dogo ne siriri, da sanda a kafaɗa. Daga wata ruga yake kusa da Ruwan Bago. Shanunsu sun ƙare, wasu ciwo ya kashe, wasu ɓarayi suka kora, ya fito neman abin da zai ci da iyali. Ya yi sallama ya tambayi wane ne babba a wurin. Aka nuna ni, aka ce ga shi can, Bukar.

Ya ƙare mini kallo, sannan ya ce, "Bukar? Babarbare ke nan. Ashe wurin bawana na zo. To ka ba ni aiki mara wahala, ka sa a kawo mini kujera."

Na ce, "Kai ɗan Fulani, da ƙafafun nan naka kamar sillen kara za ka ɗauki kwano? Iska ta taso za ta kai ka Rogo kyauta."

"In ta kai ni ai na huta da ganin fuskarka."

Duk wurin aka kwashe da dariya, na ce a ba shi shebur. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, kowa yana faɗa wa ɗayan abin da in wani ne ya faɗa sai an raba su. Sharaɗin guda ne: ba a fushi. Wanda ya yi fushi da abokin wasa shi ne abin kunya. Daga ranar ba mu taɓa gaisawa kamar mutane ba, ni da Julde. In na zo da safe sai ya ce ga mai warin turare ya iso, a buɗe taga. In ya zauna cin abinci sai in ce a ɓoye nono kada ya suma. Ba na jin akwai wanda na fi jin daɗin aiki da shi a duk shekarun nan.

Na sa shi ya zama leburan Kwami, babban mai filastarmu, mutumin Togo. Kwami Kirista ne, mai haƙuri, Hausarsa a karye, amma in ya gama bango sai ka ji kamar ka jingina kuncinka. Julde yana tankaɗe masa yashi, yana kwaɓa masa, yana miƙa masa kwano. Damina ta zo ta wuce bai tafi ko'ina ba, wata ta zo ta wuce. A hankali Kwami ya fara miƙa masa cokali in rana ta yi sanyi, ya ba shi bayan gida ko ɗakin girki, inda ido ba ya yawan zuwa. Daga baya ya fara ba shi kusurwa, wadda ita ce mai tona asirin mai filasta. Wata rana Kwami ya ja ni gefe ya kai ni wani ɗaki.

"Oga Bukar, duba wannan. Wane ya yi?"

Na shafa, na ƙwanƙwasa, na ce, "Kai mana."

"Ba ni ba. Julde. Hannu nasa mai kyau ne. Ka ba shi bango nasa, ka ba shi kuɗi na birkila."

Na ce, "Bafulatani? Ranar da ya ji kukan saniya zai bar maka bangon rabi ya bi ta."

Kwami bai yi dariya ba, shi ba ya cikin wasan. Ya kaɗa kai ya koma kan aikinsa.

Shi ma Julde ya yi magana, ba sau ɗaya ba. Amma ta ina zai yi ta? Tsakanina da shi hanya ɗaya ce. Ranar biya in na miƙa masa nasa sai ya juya shi a hannu ya ce, "Babarbare, wannan kuɗin aiki ne ko sadakar Alhamis? Rabin ɗakin can ni na goge shi." Ni kuma in ce, "Yaushe bawa ya fara albashi? Ka gode ma ina ba ka." A yi dariya, shi ma ya yi, ya sa a aljihu. In watan Cika-ciki ya kama, lokacin da abokan wasa suke bin juna kuɗin shara, tun da safe zai tare ni a bakin aiki ya ce in biya ubangijina. Mu yi ta jayayya a kan wanda ya kamata ya ba wani, a ƙarshe in ba shi, kuma nakan ba shi da ɗan kauri. A lissafina wannan ya rufe komai. Sau ɗaya a shekara.

Sai mummunar shekara ta zo. Kuɗin siminti ya riƙa tashi, abin da ka saya da safe ba shi za ka saya da yamma ba. Rodi haka, kwanon rufi haka. Masu biya kaɗan-kaɗan suka tsaya cak. Alhaji ya rufe wuraren aiki da dama, muka sallami mutane, wasu da muka shekara da shekaru tare. Naira kuma ta faɗi, sefa, kuɗin ƙasashen Togo da Binin, ta hau, 'yan Kwatano suka ga abin da suke aikawa gida ba ya sayen komai. Suka tattara kayansu. Kwami ya bar wa Julde renjinsa da lebur ɗinsa na awo, ya rungume shi a tasha, ya tafi.

Aikin da ya rage mana mai rai shi ne jerin shaguna a bakin kasuwar Rogo. An riga an sayar da su, kuma masu su sun biya kuɗin aikin Kwatano tun kafin a sa bulo. Alhaji ya kira ni ofis.

"Bukar, yaya za mu yi da filastar Rogo?"

Na ce, "Akwai mai yi, Alhaji."

"Nawa zai ci?"

"Yaronmu ne. Ba sai an yi ciniki ba."

Ku lura, Alhaji tambaya ya yi. Da na faɗi kuɗin Kwami, zai yi tsaki ya biya, domin an riga an karɓa daga masu shagunan. Ni ne na so in nuna na yi wa kamfani tsimi a shekarar wahala. Na ƙara wa Julde ɗan abin da bai kai ko na mai ɗora bulo ba, na ce ya hau katako.

Aikin nan an yi shi ne a tsakiyar bazara, lokacin da filasta ta fi wuya, don rana tana busar da ita kafin ka goge. Julde ya sa aka rataya tsofaffin buhuna a gaban shagunan ana yayyafa musu ruwa, ya bi inuwa: bangon yamma da safe, na gabas bayan azahar. Bulon da aka kawo mana a shekarar ma ba shi da kyau, an rage masa siminti, wani ya fi wani kauri. Ya riƙa cike kwarin da fari ya bar shi ya kwana, sannan ya bi da shafi na biyu. Ko tsaga ɗaya ban gani ba.

Ranar da muka kusa gamawa wani dillalin masara, mai shago biyu a jerin, ya zo dubawa. Ya shafa bango da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya kanne ido ɗaya ya dubi kusurwa.

Ya ce, "Ka gani ko, Malam Bukar? Shi ya sa na ce sai ɗan Kwatano. Namu su shekara ɗari ba za su yi wannan ba. Ina yake in gaishe shi?"

Julde yana nan tsugune a bakin duro yana wanke cokali, tsakaninsa da mutumin bai fi tsawon renji ba. Na ce, "Ya ɗan fita."

"To a gaishe shi. Kai ɗan Fulani, in ka gama ka share mini gaban nan."

Julde ya ce to. Da mutumin ya hau babur ya tafi, sai ya miƙe yana goge hannu a riga ya ce, "Babarbare, yaushe na zama ɗan Kwatano ban sani ba? Ka gaya wa yara su fara kirana Kwami." Na ce ai ko ka zama, warin nono zai tona ka. Aka yi dariya kamar kullum.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, ina zaune a dakalin ƙofar gidana da maƙwabta, sai ga Julde. Ya sa rigarsa ta Sallah da hula, kuma ba shi kaɗai ba, yana tare da wani dattijo mai farin gemu, kawunsa. Tun daga nesa suka cire takalma. Suka tsuguna suka gaishe ni, gaisuwa cikakkiya, da iyali da gajiya da zafi. Ban taɓa jin Julde ya tambayi lafiyar iyalina ba tare da ya ce Allah ya ba su haƙurin zama da ni ba. Ran nan bai ce ba.

Ya ce, "Malam Bukar, na zo da magana ne, ga kawuna shaida. Na daɗe a hannunka, ban taɓa ɗaukar maka ko ƙusa ba. Aikin Rogo ka ga yadda ya fita. Ina roƙo a mai da ni birkila, a biya ni kuɗin aikin da nake yi. Yarana sun fara girma, ina so in sa su makaranta, in mai da ko saniya ɗaya gida."

Maƙwabtana duk sun san wasanmu, sun juyo suna jiran abin da zan ce. Na dubi dattijon, na dubi Julde, na ce, "Ikon Allah. Yau bawa ya zo da lauya."

Dakalin ya ɗauki dariya. Kawun ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Julde ya jira aka gama, sannan ya ce, "To, madalla. Mun gode. A huta lafiya." Suka miƙe, suka sa takalmansu.

Da na shiga gida maiɗakina, wadda ta ji komai daga zaure, ta ce, "Malam, mutumin nan fa ba wasa ya kawo ba."

Na ce, "Ke ba ki san tsakaninmu ba."

Ta ce, "Ban sani ba. Na dai san mai zuwa wasa ba ya tahowa da kawunsa."

Julde ya ƙarasa shagunan Rogo har na ƙarshe, ya wanke kayansa, ya karɓi kuɗinsa na Alhamis bai juya shi a hannu ba. Asabar bai zo ba. Na yi ta cewa zai dawo, Bafulatani ne, ya bi shanu. Bai da shanun da zai bi.

Bayan haka mukan haɗu a kasuwar Karaye ko wurin jana'iza. Zai zo har inda nake, ya rusuna, ya ce Malam Bukar ina wuni, yaya iyali, yaya aiki. In na jefa masa wata magana ta da, sai ya yi ɗan murmushi ya ce Allah ya ƙara girma. Watan Cika-ciki ya kama na ware kuɗin shara a aljihu na yi ta yawo da shi har watan ya fita. Ba fushi ya yi ba, ba wanda zai ce ya karya sharaɗi. Girmama ni kawai ya shiga yi, kamar baƙo.

Ku samari, ba wasan nake zargi ba. Iyayenmu sun bar mana shi ne don mutane biyu su faɗa wa juna magana mai zafi su rabu lafiya. Amma in ɗaya yana riƙe da abincin ɗayan, sai mai riƙon ya san lokacin da zai rufe bakinsa ya buɗe kunne. Ni ban sani ba, ko kuwa na sani na ga ya fi mini arha kada in sani.

Shekaru suka wuce. Alhaji ya rasu, Allah ya gafarta masa, ɗansa Nasiru ya karɓi kamfanin. Muka gina wasu gidajen haya masu ɗakuna da yawa a hanyar dam. Masu filastar da muka samu suka yi mana aikin gaggawa, kafin a sa fenti bangon ya fara amsawa kamar ganga in ka ƙwanƙwasa, wani wurin yana zubowa da kansa. Masu haya sun riga sun biya, damina ta matso. A lokacin kuwa daga Rogo har Karaye an daina cewa aikin Kwatano, an koma cewa aikin Julde. Ya fara da ɗakunan ƙauye da masallatan unguwa, har ya tara mutanensa.

Nasiru ya ce mini, "Baba, an ce a da Julde yaronka ne. Ka je ka ɗauko mana shi, zai yi mana sauƙi."

Na ce, "Zuwa kam zan je. Sauƙi kuwa kada ka sa rai."

Na hau babur ɗin haya zuwa Ruwan Bago, aka nuna mini gidansa. Ya gina ɗaki biyu na siminti a gefen bukkokin, da 'yan shanu a ɗaure bayan gida. Ya fito da sauri ya karɓe ni, ya shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono a sabuwar ƙwarya. Na sha ban ce komai a kan nonon ba. Shi ma gemunsa ya fara fari.

Na ce, "Julde, kafin maganar da aka aiko ni, akwai tawa. Ranar da ka zo da kawunka na san ba wasa ka zo ba. Aikin Rogo kuma an karɓi kuɗinsa cikakke, ni na hana ya iso hannunka. Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ya ja zaren tabarma. Ya ce, "Kawu ya rasu bara waccan. Har ya mutu in an ambaci Karaye sai ya ce garin da aka yi mana dariya." Sannan ya ce, "Na yafe, Malam Bukar. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Mece ce ɗaya maganar?"

Na faɗa masa. Ya tambayi yawan ɗakunan, da irin bulon, da inda muke ɗebo yashi. Sannan ya yi ciniki da ni kamar yadda ake yi da wanda ba a sani ba. Jinga zai yi, bango-bango, a kan abin da ɗan Kwatano zai karɓa a yau. Duk wanda ya tambayi wa ya yi, a faɗi sunan wanda ya yi. Kuma da mutanensa zai zo. Ya lissafa su, sai na ji sunan Agali, wani Buzu da ya shekara da shekaru yana haƙa mana rami ban taɓa tunanin miƙa masa cokali ba, da wani Bamaguje daga ƙauyen gaba da su.

Ya ce, "Su ma filasta suke yi, ba kwano suke ɗauka ba. Bangon Agali da nawa kuɗinsu ɗaya. In za a rage masa don Buzu ne, a bar maganar tun a nan."

Da na kai wa Nasiru ya dafe kai. Ya ce, "Baba, in muka yi haka ai gobe duk leburorin nan za su ce a gwada su."

Na ce, "Za su ce. Sai a ba su bango a gani."

Ba don maganata ya yarda ba, hadari ne ya gani a gabas. Kuma kada in yi muku ƙarya, ba komai ne ya gyaru ba. Har yau yawancin masu gadinmu Buzaye ne kuma abin da suke karɓa bai taka kara ya karya ba, har yau akwai mai sayen da zai tambaye ka ƙabilar mai tayil kafin ya ga tayil ɗin. Abin da ya canza shi ne wanda ya zo neman aiki yanzu ana kai shi gaban bango kafin a yanka masa kuɗi. Ku da kuka shigo bana ta wannan ƙofar kuka shigo.

Julde ya zo da mutanensa suka kankare tsohuwar filastar har bulo, suka fara daga farko. Kullum da safe zai zo ya rusuna, Malam Bukar ina kwana, ya hau katakonsa. Ni kuma ƙafa ta fara ba ni matsala, aikina ya koma zama a kan bulo da duba kaya. Ranar da aka gama jeri na farko na tara su a fili, a gaban leburori da masu ɗora bulo, na miƙa wa Julde nasa, na miƙa wa Agali daidai da shi, na miƙa wa na ukun daidai da su. Julde ya karɓa da hannu biyu ya ce an gode. Bai ƙara komai ba.

Washegari da hantsi suna kan jeri na biyu, kwaɓin ya fara ƙarfi a kwano, leburansa ya tafi ɗebo yashi. Ina zaune ina kallon yadda yake jan renji. Bai ko juyo ba, sai na ji muryarsa daga sama.

"Kai Babarbare, zaman me kake yi kamar an dasa ka? Miƙo mini ruwan nan, tun da ba abin da ka iya."

Samarin da ke wurin suka tsaya cak, suna jiran su ga abin da tsoho zai yi wa wanda ya yi masa wannan magana. Na dafa bulo na miƙe, na ɗauki bokitin, na kai masa har gindin katako.